'Yar Jakar Kaka Isom

Ba a gama kwashe kwanukan suna ba aka nemi 'yar jakar aka rasa.

Muhibba, mai jegon, ta ɗaga matashin kai ta mayar, ta sake ɗagawa. Ta zazzage kayan jaririya a kan gado, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashinsa. Matan da suka rage a falon, a hawa na biyu na wani tsohon bene a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad, suka yi cirko-cirko da abayoyinsu a hannu. Kowa ya ga jakar da safe. 'Yar fata ce baƙa, ba ta cika tafin hannun yaro ba, maƙale da fil a wuyan rigar jaririya Sauda.

Muhibba baƙar fatar Amurka ce, ma'aikaciyar jinya. A Riyad ta haɗu da Zainulabideen, Bakano mai aiki a ɗakin gwajin jini, suka yi aure. Hausarta ta wanda ya koya da girma ce, tana tafe tana tuntuɓe.

"Babu kuɗi a ciki," ta ce. "Babu zinariya. Ta kakan kakana ce. Don Allah, wadda ta ɗauka ta ajiye, ba zan duba fuskarta ba."

Ana cikin haka Bilƙisu, ƙanwar mijin, ta sauko daga saman bene inda ta je kwaso tukwanen da aka kife. Fil ɗin na hannunta. Ta ce a can ta tsince shi, kan yashin da magina suka baza don sabon ɗakin da mai gidan ke ginawa, ga ƙararen ashana a warwatse, ga kuma sawun silifas mai yankakken dunduniya.

Duk idanu suka koma bakin ƙofa. Silifas mai yankakken dunduniya ɗaya ne a cikin takalman, kuma na Delou ne, matar da aka ɗauko daga unguwar Manfuha ta yi girkin suna.

Daga bayan labule muryar Zainulabideen ta shigo, a sanyaye, irin sanyin da ya fi faɗa ban tsoro. "Zuwa gobe bayan la'asar. In ba ta fito ba, shurɗa zan kira."

Delou ba ta da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Mijinta yana cikin waɗanda aka kwashe a kamen bara, 'yarta Biba kuwa a ɗaki aka haife ta, ko takardar haihuwa babu. In shurɗa, wato 'yan sanda, suka hau benen nan, uwa za ta bi wata mota, yarinya Allah kaɗai ya san inda za ta kwana. Kowa a falon ya san haka, shi ya sa ba wadda ta yarda ta haɗa ido da ita.

Sahadatou, matar Nafiou direba da ke zaune a hawan ƙasa, ta gyara goyon ɗanta Amir ta miƙe. "Kada kowa ya sake hawa sama," ta ce. "A ba ni manyan robobin wanki."

* * *

Mahaifin Sahadatou mai bin sawu ne a wajen Dakoro ta Nijar. In an kore wa mutum raƙuma ko shanu, shi ake tasowa. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ita ta riƙa bin bayansa da gorar ruwa, tana ganin abin da yake gani. Abu ɗaya ya fi nanata mata: takalmi ana aronsa, tafiya ba a aronta.

Da ta hau saman benen, ta tsaya a bakin yashin ba ta taka ba. Silifas ɗin na Delou ne, babu musu. Amma Delou doguwa ce, ƙafarta kan cika takalmin har ta zubo. A wannan sawun kuwa nauyin dunduniya a tsakiyar takalmin ya faɗa, bayansa ya tafi yana sharar yashi. Ƙaramar ƙafa ce a cikin babban takalmi, kuma takunta gajere. Sawun ya nufi gindin tankin ruwa, inda ƙararen ashana suke. Babu toka ko kaɗan. Gefe guda ga shatin tafin hannu biyu a yashi, irin na mai taimama, sannan gurbin gwiwoyi da na goshi. Wadda ta hau nan ta yi salla kafin ta sauka.

Sahadatou ta sake duba gurbin goshin. Ta sha bin sawun ɓarawo, ba ta taɓa ganin wanda ya tsaya ya yi sujada a tsakiyar satarsa ba. Ta kife robobin a kan sawun ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda babanta ke kifa ƙwarya.

A kicin ta tarar da Delou tana goge tukunyar da ta riga ta fita tas, Biba na riƙe da gefen zanenta.

"Kin hau sama yau?"

"Da wace ƙafar? Tun asuba nake kan wuta. Har na nemi takalmin ma wajen la'asar zan zubar da shara ban gan shi ba, na fita haka nan." Ta ajiye soson. "Sahadatou, in sun zo, ki ce Biba taki ce. Ki ce tagwaye kika haifa, ɗaya ta riga ɗaya girma."

"Ba ki da hankali."

"Ina da shi. Shi ya sa nake faɗa miki tun yanzu."

* * *

Wadda ta fara faɗo wa Sahadatou a rai Bilƙisu ce. Ƙafarta ƙarama ce, ita ce kuma ta ce a gaban mutane wannan abu laya ce, laya kuwa shirka. A Riyad ta tashi, Larabci ya fi zama a bakinta.

"Na faɗa, kuma yanzu ma zan maimaita," in ji Bilƙisu. "Amma da ni zan ƙona, a gaban Anti Muhibba zan ƙona, in kawo mata hadisin. Kuma ki dube ni da kyau, Maman Amir. Ni ce zan sa silifas ɗin wata? Ni da ko a ɗakina da safa nake yawo?"

Sahadatou ta dubi ƙafar. Sawun Bilƙisu ma yana can sama, na takalmi mai rufi, ya je wajen tukwane ya dawo, taku mai sauri na mai jin ƙarfi. Ba shi ba ne.

Da gari ya waye ta sa Nafiou ya biya da ita unguwar Bataha, shagon Inuwa wanzami, wanda ya yi wa jaririya askin suna. Ɗan tsamurmurin mutum ne, kuma an ga ya juya jakar a hannunsa ya daɗe yana dubawa. Ya fito ya tsaya a jikin tagar motar, almakashi a aljihu.

"Ni? Hajiya, kafin azahar na bar gidan, tambayi maigidanki, shi ya sauke ni. Dubawa dai na duba, fatar tsohon takalmi ce, ba ɗinkin dukawanmu ba. Na ma ja uban yarinyar gefe na ce a cire. Ya ce al'adar matarsa ce, sai an yi arba'in, har asibiti da ita za a je riga-kafi." Ya waiga hagu da dama. "A ƙasar nan in na hango laya a ƙasa, titi nake tsallakewa. Kun manta Issoufou? 'Yar laya ce fa a cikin hularsa, aka ce sihiri. Yau shekara nawa yana ciki?"

A hanyar dawowa sunan Issoufou ya tsaya wa Sahadatou a rai. Issoufou ɗan Inna Azumi ne, tsohuwar ungozoma daga wani ƙauyen Damagaram, wadda ta zo Umara da azumin bana ta ƙi komawa don ta riƙa ganin ɗanta a kurkuku ranar ziyara. Ita ke yi wa Muhibba wankan jego. Ita ma ƙafarta ƙarama ce. Amma tsohuwar da ke hawa matakala tana hutawa saboda gwiwa? Wadda ke tauna wa Biba dabino ta sa mata a baki? Sahadatou ta ture tunanin. Dalili ba sawu ba ne. Rabin Hausawan Riyad na da irin wannan tsoron.

* * *

Ta sami Muhibba zaune a bakin gado, jaririya a cinya, idanunta sun faɗa.

"Anti, me ke cikin jakar?"

"Gashi." Muhibba ta ciro wata 'yar takarda a naɗe daga ƙarƙashin matashi, ta buɗe. Gashin askin Sauda ne, laushi kamar auduga. "A gidanmu duk jaririn da ya kwana bakwai, ana yankar gashinsa a ɗaure a sa a ciki. Nawa yana ciki, da na mamata, da na kakata. Ba wanda ya san dalili. Kaka Isom ya ce a yi, shi ke nan."

Ta ba ta labarin a hankali, inda Hausa ta ƙare ta cika da Larabci. An sauke Kaka Isom daga jirgin bayi yana matashi. Ya yi noman auduga a wani ƙauyen jihar Jojiya ta Amurka har 'yanci ya same shi da furfura, ya mutu a 'yar gonarsa ta gyaɗa mai jar ƙasa. Isom ba sunansa ba ne, sunan da aka laƙaba masa ne. Shekaru Muhibba ta yi tana bin tsofaffin takardun kotu da na coci. Wuri ɗaya ta same shi, a rabon gadon ubangijinsa, an jera shi tsakanin alfadari da garma. Gwajin yawu na gano asali ya ce mata jininsu na arewacin Najeriya ne ko kudancin Nijar. Daga nan sawun ya ɓace.

"Jiya na gan shi a barci," ta ce. "Yana tsaye a bakin gona, ya ba ni baya. Na kira shi, to da wane suna zan kira shi?"

Ta nuna wa Sahadatou hoto a waya: wata maƙabarta cikin ciyawa, duwatsu a jere, guda ɗaya can gefe ya karkace ya saɓa wa sauran.

"Shi ya ce a kwantar da shi haka. Kakata ta ce kullum sai ya je ƙarshen gona ya durƙusa, fuskarsa wajen fitowar rana. Ya manta harshensa, har sunan garinsu ya manta. Amma jikinsa bai manta inda zai juya ba."

Sahadatou ta tuna gurbin goshin nan da ta kife da roba. Ta miƙe ba sallama ta hau sama. Ta ɗaga robar da ke gindin tanki, ta tsaya daidai bayan gurbin gwiwoyin, ta dubi inda goshin ya taɓa. Sannan ta dubi masallacin unguwa, ta ga inda mihirabinsa ya turo bango. Ta daɗe a tsaye, Amir na motsi a bayanta. Ta so a ce ba ta iya karatun ƙasa ba.

* * *

Bayan la'asar ta tara su a saman benen. Zainulabideen ya tsaya a bakin matakala, waya a hannu, Nafiou a gefensa. Muhibba ta hau da jaririya duk da an hana ta. Bilƙisu ta zo, Delou ta zo da Biba a baya. Inna Azumi ce ta ƙarshe, tana dafa bango.

"Malam, kafin in yi magana ina son alkawari," in ji Sahadatou. "Ko wace ce, ba shurɗa."

"Ba zan yi alkawarin abin da ban sani ba."

"Jakata ce," Muhibba ta ce, ba ta dube shi ba. "Ni na yi alkawari."

Sahadatou ta sa Delou ta taka yashin da silifas ɗinta, kusa da tsohon sawun. Ko makaho ya shafa zai ji bambanci. Ɗaya ya nutse har ƙarshen dunduniya, ɗaya ya tsaya a rabi.

"Ranar biki kowa takalmin da ya tarar a ƙofa yake zurawa. Wadda ta zura wannan ta zo nan don ta ƙona jakar. Ta ƙyasta ashana, amma babu toka, ke nan ba ta ƙona ba. Sai ta yi taimama ta yi salla." Ta ɗaga roba ta ƙarshe. "Malam, ina alƙibla?"

Zainulabideen ya nuna yamma, inda rana ke gangarawa.

"To dubi goshin nan. Gabas ya kalla. A gida muna bayan Maka ta yamma, sai mu fuskanci gabas. A nan mun wuce ta. Bilƙisu a nan ta koyi salla. Delou ta shekara tara a garin nan, ko cikin barci aka tashe ta yamma za ta juya. A ɗaki akwai darduma a shimfiɗe, mutum ba ya kuskure. Amma wadda ta tsufa tana la'asar da rana a bayanta, in ta sami kanta ita kaɗai a fili, hankalinta a tashe..." Ta durƙusa a gaban tsohuwar. "Inna, ki yafe mini. Yarinyar can ce ba ta da kowa."

Inna Azumi ba ta yi musu ba. Ta zauna a kan bulo, ta kwance bakin zanenta. 'Yar jakar ta faɗo a cinyarta, bakinta a farke.

"Na ji ana cewa har asibiti za a kai ta da abin nan a wuya," ta ce. "Na yi wa mai jego magana, ba ta gane ni ba, ta yi dariya ta ce na gode. Ni na san abin da 'yar fata kamar wannan ta yi wa Issoufou. Na ce ba za a raba wannan jaririya da nono ina kallo ba. Na farke don in fitar da rubutun, kada in ƙona sunan Allah. Sai na ga ba rubutu." Ta shafa jakar. "Kawunan jarirai ne, ɗiyata. Na ji kamar duk suna kallona. Ban san sa'ad da na kai goshi ƙasa ba."

"Kika kuma yi shiru jiya," in ji Delou. Ba ta ɗaga murya ba. "Inna, takalmina kika ara ko wuyana?"

"Na ce zan mayar, ɗakin bai taɓa zama ba mutum ba. Da na ji an ambaci shurɗa bakina ya mutu. In aka tafi da ni, wa zai je wa Issoufou?" Ta sunkuyar da kai. "Ba hujja ba ce. Tsoro ne."

Zainulabideen ya mayar da wayar aljihu. Ya yi gyaran murya ya ce, "Delou, na zalunce ki. Ki yafe."

"Allah ya yafe mana," ta ce, a bushe, tana gyara goyo.

Muhibba ta zauna a yashin kusa da tsohuwar, ta juye jakar a kan mayafinta tana dubawa. Ƙananan ƙulle-ƙullen gashi ne, wani da jan zare, wani da fari, wani da tsinken ribbon. Babu wanda ya ɓata. Inna Azumi ta sa yatsa ta ware guda ɗaya, mafi ƙanƙanta, wanda ya koɗe ya koma kalar ƙasa.

"Wannan na wane ne?"

"Na ɗansa na fari, a Jojiya. Haka muke zato."

Tsohuwar ta girgiza kai. "Sauran duk zaren kanti ne, ɗaurin kowa da kowa. Wannan kaɗin mazari ne, an tsoma shi a rinin baba. Dubi ƙullin, an naɗe an komo an soke ta ƙasa. Haka muke ɗaure cibiya, haka uwata ta koya mini, ita ma haka aka koya mata. Namiji bai san shi ba. Ungozoma ce ta ɗaure wannan ta miƙa wa uban, kuma ba a ƙasarku ba."

Sai da Bilƙisu ta maimaita wa Muhibba da Turanci. Muhibba ta ɗauki ƙullin ta juya shi a tafin hannunta.

"Kakata ta ce da wani abu a bakinsa ya sauka daga jirgi," ta ce daga baya. "Ya ƙi buɗe baki har aka ɗauka bebe ne. Amma shi kaɗai ya sauka. Ba mata, ba yaro."

"To ya baro ɗa a gida," in ji Inna Azumi. "Allah ne masani, amma ya baro ɗa."

Muhibba ta ɗago ta bi fuskokinsu da kallo, ta Delou, ta Nafiou, ta Sahadatou, ta tsohuwar, a hankali, kamar mai neman wani a tashar mota. Shekara da shekaru tana bin sawun wanda aka tafi da shi. Ba ta taɓa tunanin akwai wanda aka bari yana kuka a wata bukka ba, wanda ya girma, wataƙila ya haifa, jikokinsa na can ko suna nan.

Ta ciro takardar gashin Sauda ta miƙa wa Inna Azumi. "Ki ɗaure mini. Irin wancan ƙullin."

"In na ɗaure, a ƙasan akwati za ta zauna. Ba a wuya ba."

"A ƙasan akwati."

Tsohuwar ta zare zare daga gefen zanenta, ta lasa, ta fara naɗi.

Delou ce ta fara sauka, Biba na barci a bayanta, silifas ɗinta a hammata, ƙafa ba takalmi. Sauran suka bi ta. Sahadatou ta tsaya ta ɗauki tsintsiyar magina ta share sawun duka, kada gobe wani ya zo ya karanta. Da ta iso gindin tanki sai hannunta ya tsaya. Rana ta kusa faɗuwa a bayanta, inuwarta da ta goyonta ta miƙe ta kwanta a kan gurbin gwiwoyin nan biyu, ta wuce katangar benen, ta nufi gabas. Ta kai hannu baya ta shafa kan Amir, inda gashi ya fara tsirowa. Sannan ta ƙara tamke zanen goyon, ta share.